Jinkirin Amarya a Cikin Yashi

Har gobe ban mance da hantsin da Amarya ta shigo garejinmu na Isa ba. Ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota ina ɗaure salansa, sai na hangi tayoyi goma sababbi fil sun tsaya daidai kaina. Na mirgino na miƙe zaune, sifana na hannuna. Babbar mota ce mai bodin katako, an yi mata koren fenti shar. A kowace ƙofa an zana ɗawisu ya baza jela, an kewaye shi da jajayen furanni, ga tuntaye na ulu suna lilo a saman gilashi. A goshinta an rubuta AMARYA da ruwan zinariya. A zamanin nan ba a raba ni da littattafan soyayya na kasuwa, kullum da guda a aljihun kayan aikina, duk shafukan sun yi baƙi da mai. Da na gan ta sai na ce a raina haka tauraruwar labari take shigowa, kowa ya bar abin da yake yi ya bi ta da kallo.

Ku da kuke aiki tare da ni yanzu ba ku san wancan garejin ba, don haka bari in faɗa muku yadda yake. Mai shi Oga Lasisi ne, Bayarabe wanda ya zauna Isa tun ba a haife ni ba, Hausarsa ta fi ta wasunmu nuna. Ni Bagobiri ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Yarbawa. Shekara da shekaru bai taɓa kirana da sunana ba, sai “bawana”, ni kuma in ce masa “bawan Gobir”. Ni ne babban bakanike, na biyu gare shi. Ƙa'idar da shi da kansa ya kafa ita ce, in an gama aiki, makullin mota yana zama wurina. Sai na gwada ta na gamsu, sannan in miƙa wa mai ita hannu da hannu. Ya ce ya yi haka ne don kada wata mota ta fita da sunansa ta je ta kashe mutum.

Amarya ta Alhaji Mamman ce, ɗan kasuwa mai kai gero da dawa Sabon Birni, daga can a wuce da su Nijar. Yana da wata motar irinta sak amma ta tsufa, ana ce mata Tsohuwa. Direban da aka ba sabuwar shi ne Sada, mutumin Tozai, abokina tun muna kiwon awaki. Yadda yake shafa sitiyarinta, da ka gani ka san ya kamu.

Abin da ya kawo su shi ne abin da ke kawo kowa a shekarun. Hanya ta lalace, ɓarayin daji masu babura sun fara tare mutane. Wajen Gatawa akwai wani mashigi inda ruwa ya cinye hanya, dole mota ta gangara cikin yashi ta yi rarrafe kafin ta hau tudu. Nan suke jira. Kowane direba burinsa ya samu motar da in ya taka za ta fizge shi daga wurin. Sai aka ɗauki wata al'ada: a sayo babban turbo na tirela daga ƙetare a ɗaura wa ƙaramin injin, a buɗe famfon mai ya riƙa zuba da yawa. Alhaji ya zo da nasa a cikin buhu, ƙato kamar tukunyar biki, ya ce a cire na asali a sa wannan.

Ga sababbin cikinku, turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya ta farko, ta biyu kuma ta tura iska cikin injin da ƙarfi. Sai iska ta wadata man yake ƙonewa ya ba da ƙarfi. Ƙaramar fanka hayaƙi kaɗan ya ishe ta, nan da nan ta farka. Babba kuwa nauyi gare ta, sai injin ya ɗau zafi sosai kafin ta motsa, amma in ta motsa ba a kama ta. Tsakanin lokacin da direba ya taka totur da lokacin da iskar ta cika, wannan ɗan zaman jiran shi muke kira jinkiri. A cikinsa man da aka zuba ba ya samun iska, sai ya fita baƙi ƙirin ta salansa. Mutanenmu kuwa a wancan lokacin da wannan baƙin hayaƙi suke auna ƙarfin mota, shi da fiton turbo. In ta turnuƙe gari ta yi fito mai tsawo, sai a ce ai wannan doki ce.

Kwana uku muka yi muna aikin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi gwajin da aka saba, a kan kwalta gaban tasha, mota wayam ba lodi. Direbobi suka jeru, masu shayi suka bar teburansu. Sada ya sa sabuwar hula kamar ango, na zauna kusa da shi. Ya taka, hayaƙi ya rufe rumfunan masu nama, sannan ta saki wani fito siriri mai daɗi wanda har yanzu in na rufe ido ina jin sa. Ta tafi kamar an harba ta. Tasha ta ɗauki tafi.

Ni kuwa jikina ya ji wani abu. Duk lokacin da muka rage gudu muka sake tashi, akwai ɗan shiru kafin kujera ta turo bayana, kamar mutum ya yi sallama a zaure ya tsaya yana jiran amsa. Ba lodi ke nan, kuma a kan kwalta. Na tuna mashigin Gatawa, na tuna buhunan gero har saman bodi. Da muka sauka Alhaji ya miƙo hannu yana murmushi. Na ce masa akwai sauran ɗan dubawa, ya yi haƙuri zuwa jibi.

Washegari na ari agogon iska wurin wani mai faci, irin wanda ke jikin tankin hura taya. Na huda bututun da ke kai iska cikin injin, na ɗaura siririn tiyo, na zaro shi ta taga zuwa gaban mota. Na fara gwada shi a jikin Tsohuwa, wadda ta zo canjin mai, na ga inda allurar agogon take kaiwa in motar ta fara ja da gaske. Na ɗiga wa wurin jan farcen matata don ya zama alama. Na mayar da shi jikin Amarya, na auna da agogon wayata. Ko ba lodi, ta fi Tsohuwa jinkiri nesa ba kusa ba.

Na sami Oga a rumfarsa yana cin goro na gaya masa. Ya yi dariya ya ce littattafan nan sun gama cinye mini kai, yanzu har mota nake so ta amsa mini da sauri kamar budurwa. Da ya ga ban yi dariya ba, ya rage murya ya ce shi ma ya san babban turbo yana da nawa, amma mai mota ne ya kawo kayansa ya ce a sa. In mun ƙi, garejin gaba zai sa masa, kuma mu rasa Alhaji da duk abokansa. Ya ce direba gwani ya san yadda zai yi da kuloci. Na ce masa na ji, amma ba za ni miƙa makullin ba sai an gwada ta da lodi a cikin yashi. Ya ce in je in wanke fuskata in dawo hankalina.

Ranar Lahadi da safe Alhaji ya zo, Sada na biye da shi, da wasu direbobi da suka zo rakiyar Amarya. Na faɗa musu abin da na auna, na nuna agogon da jan ɗigon. Alhaji ya kalle shi sheƙeƙe. Ya ce shi tun yana saurayi yake harkar mota, bai taɓa jin an auna ƙarfinta da kayan mai faci da jan farcen mata ba. Ya ce geronsa na jibge a kasuwa, masu saye na jiransa a Sabon Birni, duk garin nan kuma sun ga hayaƙin da ta yi ranar Juma'a.

Sada ne ya fi ba ni ciwo. Ya ce a gaban mutane hassada ce kawai, don ni na ƙare a ƙarƙashin mota shi kuwa yana samanta. Ya ce in ban da baƙin ciki, ina ruwan mai karatun soyayya da aikin maza. Direbobi suka yi ta dariya. Na dube shi, na tuna ɗiyansa mata biyu a Tozai da suke rugowa su rungume ni in na je, na ƙara damƙe makullin a aljihuna.

Sai Oga ya taso. Ya tsaya gabana ya miƙo tafin hannu.

“Bashar, ba Alhaji makullinshi.”

Ranar na fara jin sunana a bakinsa. Nan na san wasa ya ƙare. Mutumin nan shi ya koya mini riƙon sifana, shi ya shige gaba ranar aurena. Amma na ce masa makullin na aljihuna na dama, in yana so ya sa hannu ya ɗauka da kansa, ba za ni hana shi ba. Sai dai in ya ɗauka, za ni tsaya a tsakiyar tasha in faɗa wa kowa cewa motar ta fita ban gwada ta ba, kuma ƙa'idar da ya kafa shi ya karya ta. Hannunsa na nan a miƙe, bai kai aljihuna ba, bai kuma janye ba.

Muna nan a haka sai na lura da carbin Alhaji. Baƙi ne mai manyan ƙwayoyi, ba ya rabuwa da shi, ko yana faɗa yatsunsa na ja, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba nawa.

Na ce, “Alhaji, ranka shi daɗe, ba ka yarda da agogona ba. Ka yarda da carbinka?”

Ya ce mi nike nufi. Na ce a yi wa motocin biyu lodi daidai wa daida, mu je bakin gulbi bayan gari inda masu tifa ke ɗibar yashi, don ƙasar wurin irin ta mashigin ce. Shi zai zauna gaba. Sada ya taka, shi kuma ya ja carbinsa yadda ya saba har ya ji mota ta turo bayansa. In Amarya ba ta fi Tsohuwa jinkiri ba, in miƙa makulli a durƙushe, in kwashe kayana in bar garin. Ina jin ba don ya yarda da ni ya amsa ba, so yake ya ga na durƙusa. Ya ce gobe da hantsi.

Litinin rabin tasha ta biyo mu bakin gulbi, wasu a kan babura, wasu a ƙafa. An yi wa kowace mota lodin gero har sama an ɗaure da igiya. Na ja layi a kan yashi da sanda, na yi bayanin yadda za a yi don kada a ce na yi coge. Direba ɗaya ne zai tuƙa duka biyun, wato Sada. Zai sa giya ta biyu ya taho yana rarrafe yadda ake shiga mashigi, in tayar gaba ta taka layi ya danne totur har ƙasa, ba taɓa kuloci, ba canjin giya. Agogo na manne a gaban mota don mai son gani ya gani.

Muka fara da Tsohuwa. Ni a bakin ƙofa, Alhaji a tsakiya. Sada ya taka yana ya da fuska. Ta yi gurnani irin na tsofaffi, allura ta tashi sannu a hankali ba tsayawa, ta taɓa jan ɗigo, motar ta tura mu gaba. Alhaji ya duba yatsunsa ya ce huɗu. Aka sake, huɗu. Na uku ya ce biyar, amma shi ya yi gaggawa.

Na kwance tiyo na mayar jikin Amarya, rana ta fara zafi, direbobi na ta tsokanata wai in fara share inda za ni durƙusa. Sada ya hau ya gyara hula. Muka taho layi, ya danne.

Hayaƙi ya tashi baƙi wuluk, ya fi na Juma'a, har ya shigo mana ta taga. A waje aka fara tafi. Amma motar tana nan tana jan jiki kamar mai ciwon baya, injin na shaƙewa, allura kwance a ƙasa kamar an ɗaure ta. Ba abin da nake ji sai ƙarar ƙwayoyin carbi suna haɗuwa. Biyar, shida, bakwai. Tafin waje ya fara mutuwa. Sada ya ƙara danna ƙafa alhali ba sauran wurin dannawa, gumi na zuba daga ƙarƙashin hular. Sai a ta goma sha uku fiton nan mai daɗi ya zo, ta zabura ta watsa yashi.

Sada ya ce bai shirya ba, a sake. Aka sake, sha biyu. Ya ce a bar shi ya yi yadda direba ke yi, da kuloci. Na ce ya yi. Ya tayar da injin ya saki kuloci da ƙarfi, tayoyin baya suka tona rami suka zauna, ƙaurin kuloci ya cika wurin. Sai da aka kawo shebur da katakai aka fitar da ita. Duk da haka ya ce a ba shi sau ɗaya na ƙarshe, Alhaji ya ɗaga masa kai.

Tun da muka zo Oga Lasisi yana gefe ƙarƙashin wata bishiya. Dattijo ne a lokacin, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da lalacewa, da ƙyar yake taka ta. Da Amarya ta taka layi a karo na ƙarshe, hayaƙi ya tashi, sai na hango shi ta madubi ya baro bishiyar. Ba gudu yake ba, tafiyarsa ce ta kullum, yana ɗingishi a cikin yashi. Ya ratsa hayaƙin, ya zo daidai tayar baya, ya wuce tankin mai, ya kama marfin ƙofar direba ya buɗe. Allura ba ta ko motsa ba. Ya ɗora ɗan yatsa a haƙarƙarin Sada.

“Sauko,” in ji shi.

Sada ya ɗage ƙafa, motar ta mutu. Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya dubi carbinsa, yana kan ta tara. Ya ce a hankali, “Tsoho mai gwiwa ɗaya ya cim mata. To ina ga masu babur?” Ya juyo gare ni ya ce a mayar mata da turbonta na asali, a rage man, kuma in riƙe makullin har sai carbinsa ya ba da huɗu.

Kwana biyu muka yi. Na mayar da ƙaramin turbo, Oga da kansa ya daidaita famfo. Muka koma bakin gulbi ba 'yan kallo, carbi ya ba da huɗu, wani zubin uku. Hayaƙi ya zama ɗan toka-toka, fiton nan kuma ya tafi, sai wani ɗan shuu da ba ya kai ko bakin tasha. Na miƙa wa Alhaji makulli a tsaye. Sada ya karɓa daga hannunsa ya hau bai dube ni ba.

Da la'asar Oga ya kira ni rumfarsa ya ba ni ɓarin goro. Ya ce gaskiya tana wurina, shi ya sa ya taka yashin nan da gwiwarsa. Amma na ƙi umarninsa a gaban baƙi da sauran ma'aikata, gareji kuwa ba ya ɗaukar oga biyu. Ya ce in zaɓi kayan aikin da nake so, zai tara mutane a yi mini addu'ar sallama yadda ake yi wa wanda ya ƙware. Na ce masa ban yi nadama ba, ko gobe aka sake haka za ni yi. Ya ce ya sani, shi ya sa ya sallame ni. Bayan mako biyu na kafa rumfata a Sabon Birni, wannan da kuke ciki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kada ku gwada mota inda take jin daɗi. Ku kai ta inda za ta sha wuya, da nauyin da za ta ɗauka, don can ne ran direba yake. Mutanenmu kuma ba wawaye ba ne. Ba su ƙi awo ba, awon wani ne ba su yarda da shi ba, sai wanda suka yi da hannunsu. In mai mota ya raina agogonka, nemo abin da ya yarda da shi ka sa a hannunsa. In kuma ka san motar ba ta isa fita ba, kada ka miƙa makulli, ko wa ya miƙo hannu.

Sada ya daɗe yana tuƙa Amarya a wannan hanya, har fentin ɗawisun ya koɗe. Ban taɓa tambayarsa abin da ya gani a mashigin ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi ya koma Tozai yana noman dawa. Bara ya aurar da ƙaramar ɗiyarsa, na je ɗaurin aure. Gemunsa ya yi fari fat. Yana hango ni ya nuna ni da sanda, ya shiga ba mutanen da ke kan tabarma labarin cewa ga mugun bakaniken da ya kashe wa motarsa murya, motar da duk ƙasar Gobir ba mai fito irin nata. Har yau bai yafe mini ba, bai kuma taɓa ce mini na gode ba. Na zauna kusa da shi, jikarsa na bisa cinyarsa tana wasa da gemun, na bar shi ya yi ta zagina har aka kawo abinci.